La'adar Dillalan Gida da Gona a Ƙasar Gobir

Da sunan Allah ake farawa, da yabonsa ake cikawa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata magana da ta yawaita a bakin mutanen Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ana yin ta a zaure, ana yin ta a rumfar kasuwa, ana yin ta a ƙofar masallaci bayan an sallame La'asar. Maganar kuwa ita ce ta dillalan gidaje da filaye da gonaki, da la'adar da suke karɓa in ciniki ya faɗa. Wasu suna cewa dillali bai yi noma ba, bai yi gini ba, bai gaji ko taki ɗaya na abin da ake sayarwa ba, amma in an zo ƙirgar kuɗi hannunsa ke fara miƙewa. Su kuwa dillalai suna cewa ba domin su ba, da mai saye da mai sayarwa ba su san inda juna suke ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Saboda haka ya kamata a ɗora maganar bisa ma'aunin shari'a da na tsohuwar al'adar kasuwa, a ga inda la'ada take halaliyar mai ita, da inda take zama cin haram.

Ƙasar Gobir ta daɗe da sanin ƙaura. Alƙalawa ta faɗi a shekara ta 1808, Gobirawa suka watsu, daga baya wasunsu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya zo ya kafa Sabon Birni. A farkon ƙarni na 20 Ingilishi da Faransa suka ja iyaka, ta bar dangi ɗaya rabi nan rabi can. A duk tsawon wannan zamani yawancin talakawa ba su ɗauki gona abin kai wa kasuwa ba. Ko dai mutum ya gada, ko a ba shi aro, ko ya riƙe ta jingina, ko mai gari ya nuna masa daji ya sara. Sayarwa akwai ta, amma tsakanin waɗanda suka san juna, a gaban mai gari da dattawan unguwa. Aikin dillali a lokacin yana wajen dabbobi da tufafi da hatsi.

Abin da ya juya al'amari a shekarun nan shi ne fitinar 'yan bindiga. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallake iyaka suka nemi mafaka a jihar Maraɗi. A watan Mayu na 2020 aka auka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, aka kashe mutane masu yawa. A watan Disamba na 2021 aka ƙone mota da matafiya a cikinta kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, Allah shi jiƙansa da sauran musulmin da suka riga mu gidan gaskiya. Wanda bai tsallake iyaka ba ya kwashe iyalinsa ya shigo cikin garin Sabon Birni ko Isa, ko ya wuce birnin Sakkwato. Sai ya zamana a gari ɗaki ya yi tsada domin yawan masu nema, a ƙauye kuwa gona ta yi araha domin yawan masu gudu da masu neman kuɗin fansa. Dillali yana tsaye a tsakiyar cinikin nan duka biyu, shi ya sa idon jama'a ya koma kansa.

Ƙorafin da ake yi ya kasu huɗu. Na farko, ba a ambatar la'ada sai bayan an sallama, sa'an nan dillali ya karɓa wajen mai sayarwa, ya zagaya ya karɓa wajen mai saye, kowannensu yana zaton shi kaɗai ya biya. Ga misali domin a gane nauyin abin. In an sayar da fili a kan naira miliyan 2, aka cire kashi biyar cikin ɗari, la'ada ta kama naira dubu 100. In an karɓa ta hannu biyu ta zama dubu 200, watau ushirin kuɗin filin ke nan ya tafi. Mutumin da ya sayar domin ya fanso ɗansa ba ya ganin dubu 100 a matsayin kuɗi kaɗan, domin watakila ita ce cikon da ake jira.

Na biyu, ɓoye farashi. Mai gona ya ce ya sallama a kan kaza, dillali ya je ya gaya wa mai saye abin da ya fi haka, ya hana su haɗuwa, ya riƙe abin da ya hau, kuma bai fasa neman la'adarsa ba. Na uku, yawan hannaye. Ɗaki ɗaya sai a iske mutum uku ko huɗu sun rataya a kansa, wanda ya ji labari, da wanda ya kai labari, da wanda ya riƙe mabuɗi, irin waɗanda ake kira 'yan kayi-nayi, kowa da rabonsa, duka kuwa a wuyan ɗan gudun hijira. Har wa yau akwai masu karɓar kuɗin nuna ɗaki ko an kama ko ba a kama ba, akwai kuma masu zuga mai gida ya ƙara kuɗin haya, tun da yake la'adarsu tana hawa in haya ta hau.

Na huɗu shi ne mafi nauyi, watau sayar da abin da ke da gardama. Gona ce ta gado wadda ba a raba ba, magada sun watse, wani yana Gidan Rumji, wani yana Sakkwato, wata tana aure a Shinkafi, sai ɗaya daga cikinsu ya sayar shi kaɗai. Ko gona ce da ke jingine a hannun wani. Ko fili ne guda aka sayar wa mutum biyu. Ran da rigima ta tashi aka je gaban alƙali, sai a nemi dillali a rasa, ko ya zo ya ce shi haɗawa kawai ya yi.

Ko da yake ƙorafin nan yana da tushe, adalci bai yarda a yi wa dillalai kuɗin goro ba. Dillalin kirki yana riƙe da wani ilmi wanda ba a rubuta shi a takarda ba. Ya san inda iyakar gonar wane ta tsaya, ko gawo ne shaidarta ko tsohuwar kunya. Ya san wace fadama ta Rima ko ta Bunsuru ce ruwa ke kwana a cikinta har ya cinye shuka, wace ce kuma ke yin shinkafa da albasa. Ya san magada nawa mamaci ya bari, da wadda aka manta da ita cikinsu. Ya san mai gidan da ke korar ɗan haya da tsakar damina. Baƙon da ya shigo gari da mata da yara da tabarmi a ka bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A yau kuma akwai gonakin da mai saye ba ya iya zuwa ya gani da idonsa saboda tsoron hanya, in ba a sami amintacce a tsakani ba sai a yi cinikin biri a sama. Akwai dillalin da zai yi wata guda yana kai da kawowa, takalminsa ya ƙare, ciniki ya watse, ya tashi ba ko kwabo. Akwai kuma masu saye da masu sayarwa da ke jira sai ya haɗa su, sa'an nan su zagaye shi su ƙulla a ɓoye domin su hana shi hakkinsa. Wannan shi ma zalunci ne, kuma ba a cika ambatarsa ba in ana zagin dillalai.

Domin a san abin da la'ada take saye tun asali, sai a dubi kasuwar Kano ta da. A shekara ta 1824, watau 1239 ta Hijira, wani Baturen Ingila mai suna Kyaftin Kilafaton, wanda aka sani da Abdullahi, ya sauka Kano kafin ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abin da ya rubuta na tsarin kasuwar akwai cewa in an sayi riga ko turkuɗi a naɗe, akan rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin. In an kai kayan har Barno aka kwance aka iske ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a komo da su Kano, dillalin nan kuwa wajibinsa ne ya nemo mai kayan, a tilasta masa ya mayar da kuɗi. To, ga asirin la'ada nan. Fatake suna biyan ta ne domin sunan da ke cikin ƙunshi, domin sun san akwai wanda za a kama in abu ya ɓaci. Tafiya da daɗin baki ƙari ne kawai. Dillalin fili na yau da ke karɓar la'ada ya ɓace ya riƙe rabin al'adar kakanninsa, ya yar da rabin da ya sa ta halatta. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan ba su bar wannan babi ba. Imamu Buhari ya ware babi a kan ladan dillali cikin littafin ijara, ya kawo cewa manyan tabi'ai irin su Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. A ƙarni na huɗu na Hijira wani malamin Malikiyya na ƙasar Tunis, Abul Abbas Al-Ibyani, ya amsa tambayoyi a kan dillalai kaɗai har suka zama ɗan littafi. Saboda haka wanda ya ce dillanci kansa haram ne ya yi magana ba da sani ba. Malamai sun ajiye shi a babin ju'ala, watau jinga, ko a babin ijara. Ju'ala kuwa tana da sharaɗi biyu da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe. Ɗaya, lada ya zama sananne tun kafin a fara aiki. Biyu, ba a cancantarsa sai aiki ya cika. Da wannan aka gane cewa la'adar da ba a ambata ba sai bayan sallama ƙofar husuma ce, kuma dillalin da ya yi jinga a kan samar da ɗaki ba shi da hakkin komai in ɗaki bai samu ba, sai fa in tun farko an yi da shi cewa za a biya shi ladan tafiyarsa dabam.

A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya rarrabe sura biyu. In mai kaya ya yanke farashi, ya ce wa dillali in ya sayar a kan haka yana da lada kaza, in bai sayar ba ba shi da komai, wannan babu laifi. Amma in ya ce masa ya sayar, yana da wani abu cikin kowane dinari, ba tare da an san inda kuɗin zai tsaya ba, Malik bai yarda da wannan ba, domin ladan yana hawa da sauka, dillali bai san abin da aka yanka masa ba, wannan kuwa garari ne. Masu cewa kashi biyar ko kashi goma cikin ɗari sai su lura da wannan wuri. Mafita mai sauƙi ita ce a yanke farashi tukuna, a lissafa la'ada ta zama kuɗi sananne, a faɗe ta da baki a gaban shaidu. Amma ɓoye wa mai gona abin da aka saya, wannan ha'inci ne, domin dillali wakili ne, wakili kuwa amintacce ne, abin da ya hau na mai dukiya ne in ba shi ya yafe da saninsa ba. Haka nan kawo wani ya yi tayin ƙarya domin a ruɗi mai saye, shi ne najashu wanda hadisi ya hana.

Muhtasar na Shaihu Halilu da masu sharhinsa sun zo da hukuncin da ya yi daidai da abin da Baturen nan ya gani a Kano. In an mayar da abin da aka saya saboda aibi, mai sayarwa kuwa bai san da aibin ba, dillali zai mayar da ladan da ya karɓa, domin cinikin bai tabbata ba. In kuwa mai sayarwa ne ya ɓoye aibin da gangan, dillali bai sani ba, ladansa yana nan. In dillali ya sani ya yi shiru, ya shiga cikin yaudarar. Sa'an nan akwai hakkin shuf'a. Abokin tarayya a cikin gida ko gonar da ba a raba ba yana da ikon karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya biya abin da aka saya. Dillalin da bai san wannan ba zai jefa mai saye cikin asara ko da bai yi nufi ba. Domin irin haka ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi wa'azinsa a wannan ƙasa ta Gobir, ya yi gargaɗi cikin Ihya'us Sunna game da barin jahili ya zauna kasuwa yana ciniki, ko a wakilta shi ya saya ya sayar, alhali bai san hukuncin abin da yake yi ba.

Saura mas'ala mai zafi, ita ce ta wanda ya sayar da gonarsa domin azzalumai sun ɗora masa kuɗi. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan cinikin wanda aka matsa, sun kuwa saɓa. Mashahurin zance shi ne cinikin bai lizimce shi ba. Amma Suyuri da Lahmi sun ce ya lizimce shi, domin in aka ce kowane irin wannan ciniki ana warware shi, ba mai sayen kayan wanda ke cikin ƙunci, sai a bar shi a hannun azzalumi, a kan wannan zance kuma aikin alƙalan Fas ya gudana. Rarrabe wace sura ce ta faɗa ƙarƙashin wane zance aikin alƙali ne. Abin da ya shafi dillali shi ne ya sani irin wannan ciniki ƙaya ne. In ya ga mutum yana da kwana uku kafin wa'adin da aka ba shi ya cika, ya je ya raɗa wa mai kuɗi cewa ya taya yadda ya so domin mai gonar ba shi da zaɓi, ya sayar da sirrin wanda ya amince masa. In kuwa ya zagaya ya nemo masu saye biyu ko uku domin farashi ya ɗaga, ko ya ba da shawarar a sayar da sashe a bar sashe, ya rage la'adarsa ko ya yafe, wannan ya ci kasuwar duniya da ta lahira.

Akwai kuma dokar hukuma, wadda jahiltarta ke jawo asara. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filayen da aka ayyana na birni suna ƙarƙashinsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe su. Watau abin da ake sayarwa hakkin zama da amfani ne, kuma dokar ta nemi yardar hukuma in za a mayar da shi hannun wani. Dillalin da ya karɓi la'ada bai gaya wa mai saye wannan ba ya bar aikinsa da gutsure.

Kada a zaci mutanen Gobir kaɗai ke wannan kuka. A Ingila, tun daga watan Yuni na 2019 doka ta hana dillalan haya karɓar yawancin kuɗaɗen da suka saba karɓa wajen ɗan haya, aka mayar da nauyin kan mai gida, tun da shi ya sa su aiki. A Amurka, inda aka daɗe ana cire wajen kashi biyar zuwa shida cikin ɗari na kuɗin gida, masu sayar da gidaje sun kai ƙara a jihar Misuri, a watan Oktoba na 2023 aka yanke a biya su kusan dala biliyan 1.8. A watan Maris na 2024 babbar ƙungiyar dillalan ƙasar ta yarda ta biya dala miliyan 418 domin sulhu, ta kuma sauya ƙa'ida, ya zamana mai saye da dillalinsa sai sun rubuta adadin lada tun kafin a fara zagayen duba gidaje. Abin da suka isa gare shi bayan doguwar shari'a shi ne sharaɗin nan na ju'ala da almajiri ke karantawa a zaure, watau a san lada kafin aiki.

Abin da zai kashe wannan wuta a Sabon Birni da Isa ba ya bukatar jiran kowa daga nesa. A faɗi la'ada da adadinta da wanda zai biya ta tun kafin a taka zuwa ganin fili. Mai saye da mai sayarwa su zauna wuri ɗaya, kowa ya ji farashi da kunnensa, ko da ta waya ce in hanya ta hana. Kada a ba da kafin alƙalami a kan gonar gado sai an ji daga bakin magada duka, mazansu da matansu, na gida da na ƙetaren iyaka, da waliyyin marayu in akwai su. A rubuta takarda, da ajami ko da boko, a gaban mai unguwa ko mai gari da shaidu biyu, a ambaci iyakoki huɗu da maƙwabta. A ƙarƙashin takardar kuma dillali ya sa sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, da abin da ya karɓa, da alkawarin cewa zai nemo mai sayarwa ya kuma mayar da la'ada in ciniki ya warware ta hanyar da shari'a ta ce ya mayar. Su dillalan kirki su ya fi kamata su fara neman wannan, su da shugabanninsu na kasuwa, domin wake ɗaya ke ɓata gari, kuma takardar da za ta kama maha'inci ita ce za ta hana a zagaye mai gaskiya.

Malamai kuma suna da nasu rabo. Babin ciniki yana cikin Risala kamar yadda babin tsarki yake, ya kamata a riƙa karanta shi a majalisin da 'yan kasuwa ke zama, a fassara shi da misalin gona da ɗakin haya. Dillalin da ya yarda a rubuta sunansa ya ci la'adarsa da daɗin rai, kada kowa ya yi masa gori. Wanda ya ƙi kuwa, jama'a sun ga alama, sai su riƙe kuɗinsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah shi kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya, shi mayar da kowa gidansa da gonarsa, shi sa albarka cikin cinikin musulmi. Allah shi ne Masani. Wassalamu.